Daga Damagaram zuwa Yamai a Babbar Bas

Akwai wani tsarin tafiya a Nijar da na daɗe ina jin labarinsa a bakin 'yan kasuwar Maraɗi masu zuwa Kantin Kwari sarin yadi. Manyan kamfanonin bas ne, irin su Rimbo da STM da Sonef da Al Izza, kowanne da tasharsa mai katanga da ƙofa a manyan garuruwa, kowanne kuma da lokacin tashinsa. Motar ba ta jiran cika. In lokaci ya yi direba zai tayar, ko da akwai sauran kujeru. Wanda ya saba zaman mota tun hantsi yana sauraron ɗan kamasho na cewa saura mutum biyu har a kira azahar, shi zai san girman wannan abu. Idan mutum ya san lokacin tashinsa, sauran yinin nasa ne: ya shiga kasuwa a tsanake, ya zaga gari, ya je kallon wasa, hankalinsa kwance.

Na shiga ƙasar ta Daura da Kongolam, na bi ta Matamai na faɗa Damagaram, wajen kilomita 240 daga Kano. Lokacin ɗari ne, hazo ya rufe gari. Na sauka wurin Baffana a unguwar Zango da niyyar in wuce Yamai in ga wani abokin ciniki da muka daɗe muna hulɗa ta waya. Da na kawo maganar neman mota sai Baffa ya ce, "Ɗana, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ba a yin ta a ƙaramar mota. Tashi mu je ka yanki tikiti tun da safe, kafin kujerun gaba su ƙare." Muka hau kabu-kabu zuwa ɗaya daga cikin tashoshin. Yarinyar da ke taga ta karɓi katin shaidata, ta rubuta suna da lambar waya, ta ce a kawo kaya da yamma a yi musu rajista, fasinja kuma ya kasance a tasha kafin ƙarfe huɗu na asuba. Ko rabin awa ba mu yi ba muka fito.

Ranar Alhamis ce, ranar da Kasuwar Dole ke ci sosai, saboda haka can muka nufa. Mutanen ƙauye sun shigo da amalanken shanu da jakuna, Buzaye da manyan rawunansu suna tsugune bayan kantun gishirin Bilma da buhunan dabino, ga kanwa tsibi-tsibi, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga cuku an jera shi a kan faifai. Kayan zamani ma ba a cewa komai, daga wayoyi har batiran sola, kuma da yawa na gane daga Kano suka zo. Amma layin dukawa ne ya riƙe ni. Na tsaya a rumfar wani dattijo da ke haɗa jakar mata. Ya shimfiɗa jar fatar akuya a kan wani allon katako da ya sha jiki, yana tsaga bakinta da 'yar wuƙa sili-sili don yin geza, ko kallon hannunsa ba ya yi, yana hira da maƙwabcinsa. Da ya gama sai ya ɗauko siririyar koriyar fata ya riƙa sarƙa ta cikin ramukan da ya huda da basilla, zanen yana fitowa a hankali. Na tambaye shi kuɗin wadda ya riga ya gama.

"Jaka uku, Alhaji."

"Baba, a bar mini jaka biyu da dala ɗari."

"Albarka," in ji shi, ya ci gaba da aikinsa. Sai da Baffa ya sa baki aka ƙara dala hamsin ya sallama. Baƙon da ya zo daga Najeriya ya kamata ya riƙe wannan lissafi kafin ya buɗe baki a kasuwa: dala ɗaya sefa 5 ce, dala ɗari sefa 500, jaka kuma sefa 1,000. Daga nan na sayi alkaki, wanda Damagaram ta yi suna da shi, rabi guzuri rabi tsaraba.

Bayan la'asar muka shiga Birni, tsohon garin. Fadar Sarkin Damagaram na nan da dogaranta masu riguna ja da kore a bakin ƙofa. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimu, aka kewaye garin da ganuwa, har igwa ake ƙerawa a nan, kuma ayarin Sahara ta nan yake bi zuwa Kano. Turawan Faransa ma a nan suka ajiye babban birnin mulkinsu, sai a 1926 suka mayar da shi Yamai. Lunguna ne ƙanana tsakanin manyan duwatsu, da gidajen ƙasa masu zane a fuskarsu. Wasu an gyara su sun yi kyau, wasu kuwa ruwan damina ya zaftare musu zankwaye, zanen ya fara shafewa. Wannan ya taɓa mini rai, domin magina masu iya irin wannan aiki ƙara ƙaranci suke yi, a nan da can wajenmu duka.

Da dare samarin gari suna fada, wato kowane rukuni da dandalinsa a ƙofar gida, da butar shayi a kan gawayi da karta ko ludo, wasu kuma sun cika gidajen kallon ƙwallo. Ni dai bayan isha'i Baffa ya raka ni tasha, don samun abin hawa ƙarfe uku na dare ba tabbas, shi ya sa yawancin fasinjoji a can suke kwana. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin babbar rumfa, maza gefe mata gefe. Akwai masallaci da wurin alwala, akwai mai shayi da burodi, akwai inda ake cajin waya, talabijin kuma na nuna fim ɗin Hausa na Kano har tsakar dare. A can gefe ma'aikata na ta liƙa wa kaya takarda mai lamba suna shirya su a cikin motar, buhu da akwati da katan, ana ba mai kaya rasiɗi. Na lulluɓa da bargo na yi barcin da ya samu.

Kafin ƙarfe huɗu aka tashe mu. Wani ma'aikaci ya tsaya a ƙofar mota da takarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya nuna tikiti ya shiga. Babu turereniya, babu mai jan rigar wani. Na samu kujera ta taga, kusa da wani dattijo mai fataucin albasa da zai sauka a Galmi. Muka yi addu'ar tafiya, mota ta fita gari shiru.

Hanyar ita ce RN1, wadda ta ratsa kudancin ƙasar daga gabas zuwa yamma, kuma kusan duk garuruwan Hausa na Nijar da mutum ya taɓa jin sunansu a waƙa ko a tarihi suna kanta ko kusa da ita. An tsaya a gefen hanya aka yi sallar asuba cikin sanyi mai shiga ƙashi. Gari na wayewa muka wuce Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, sojojin Faransan nan biyu da suka zubar da jini a ƙasar Hausa a 1899 kafin nasu sojojin su kashe su. Sai Tasawa, sai Gazawa, sai Agye.

Abin da ya fi ɗaukar idona a wannan yanki itatuwa ne. Na zaci fili zan gani fetal, sai ga gonaki cike da gawo, kore shar a tsakiyar rani kamar yadda gawo ya saba, ga karan gero a tsaye, ga rumbuna a bayan ƙauyuka. Na yi wa maƙwabcina maganar. Ya ce, "Ai Alhaji wannan sassabin zamani ne. Da can in za a yi sharar gona sai a sare komai. Yanzu in kututture ya toho sai a zaɓi reshe mai ƙarfi a bar shi, a rage sauran." Tun wajen tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi wannan dabara, kuma masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai hekta miliyan 5. Ba dashe aka yi ba, hannun manomi ne da haƙuri.

Mun shiga Maraɗi da hantsi. A tasharsu wasu suka sauka wasu suka hau, aka sauke saƙonni aka ɗora wasu. Garin Katsinawa ne da suka yi hijira bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake kiran sarkinsu, ga Tsibirin Gobir kuma nan kusa a kan hanya. Daga nan sai Gidan Rumji, sai Madawa, kuma a nan ne na ga yadda bas ɗin nan ke ciyar da garuruwa. Tun kafin tayoyi su tsaya masu talla sun kewaye mu. Masu kilishi sun ɗaga faffaɗan faranti a ka, ja mai yaji da fari mara yaji, a yanka maka na kuɗinka a naɗe a takarda. Mata da tabarmi da faifai na kaba, yara da ruwan leda da dafaffen ƙwai da rake. Sun san lokacin isowar kowace mota, don haka ba yini suke yi a rana a banza ba. Mai kilishin da na saya wurinsa ya ce motocin safe da suka fito daga gabas da waɗanda suka taso daga Yamai su ne kasuwarsa, in sun wuce ya koma wajen shanya nama. Kilishin kuwa siriri ne, ya bushe rau, labun gyaɗar ya kama shi ciki da waje.

A Galmi dattijon ya sauka. Buhunan albasa ne jere a gefen titi iya ganinka, irin jar nan mai ruwan shuɗi da ake lodawa a manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. "Allah ya kiyaye hanya, ɗana," ya ce, ya miƙo mini goro. Muka wuce masana'antar siminti ta Malbaza da mahaɗar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, muka isa Birnin Konni, wadda ke fuskantar Illela ta jihar Sakkwato. Nan aka yi doguwar tsayawa, aka ci abinci, aka haɗa azahar da la'asar.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Tsayawar da ake yi a wasu wurare ta yi kaɗan ga mata, musamman masu goyo, domin kafin su samu layin bayan gida su yi alwala direba ya fara danna oda. Na ga wata baiwar Allah ta shigo a guje da yaro a hannu, ko abinci ba ta samu saya ba, sai wata Hajiya ta bayanta ta raba mata nata. Kamfanin da ya iya tsara lokacin tashi zai iya ƙara yawan bayan gida na mata, ya kuma ƙara minti goma. Sai kuma leda. Duk inda mota ta saba tsayawa, ƙayoyi da itatuwan wurin sun yi baƙi da ita, kuma mu fasinjoji ne ke zubarwa.

Akwai shingayen jandarmomi da 'yan sanda a hanya, wani wurin a shigo a duba katin kowa, wani wurin a sauko a bi layi. Wanda takardunsa suka cika ba ya daɗewa. Bayan Dogon Dutsi, ƙasar Arewa, inda Lugu ta Sarauniya Mangu take, sai harshe ya fara sauyawa. Zuwa Dosso masu talla da Zabarmanci suke kira, ko da yake in ka yi Hausa za a amsa maka. Da rana ta yi ƙasa muka ratsa Kure, mazaunin raƙuman dawan da suka rage a Afirka ta Yamma. A tsakiyar shekarun 1990 sun ragu har zuwa wajen 50, yanzu da kulawa sun haura 600. Yaran da ke motar duk suka manne a taga suna nema. Bayan magariba fitilun Yamai suka bayyana.

Tashar da muka sauka tana kan titin Mali Bero, a cikin gari sosai, kuma wannan shi ne rabin amfanin tsarin. Da a ce can bayan gari aka kai ta, da baƙo ya sha wahala kuma ya kashe kuɗi. A nan kuwa tasi na bakin ƙofa, irin wadda ake haɗa fasinja, ka faɗi unguwarka in hanyarsa ce ya ɗauke ka. Abokin cinikina ya zo ya tarye ni. Washegari da muka gama lissafinmu ya ce sai ya nuna mini yadda 'yan kasuwar Maraɗi da Tawa ke cin moriyar yini guda a Yamai.

Muka fara da Babbar Kasuwa, wadda gobara ta cinye a 1982 aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Gini ne mai katanga da manyan ƙofofi, cikinsa layi-layi: atamfa, shadda, turare, takalma, kayan kicin. Hausa da Zabarmanci da Faransanci duk a rumfa ɗaya. Na tarar da irin yadin da nake sayarwa a rumfuna da dama, na tambayi farashi, na kuma ga launukan da matan Yamai suka fi so, abin da waya ba za ta taɓa gaya mini ba. Daga nan muka leƙa Katako, kasuwar da babu abin da ake yarwa. Katako da kwano da ƙarfe da tsofaffin kayan mota, ga maƙera na narka gwangwani da tarkacen alminiyom suna zuba tukwane a cikin yashi, wasu na fasa durom suna yin akwati da murhu. Hayaniyar guduma ba ta barin a ji magana. A Wadata kuma akwai ƙauyen masu sana'ar hannu, inda maƙeran Buzaye ke ƙera azurfa, da dukawa da masaƙa, kowa a shagonsa kana ganin aikin ana yi. Duk abin da muka saya muka kai tasha kafin la'asar aka yi masa rajista.

Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, shi ne inda iyalai ke zuwa hutawa. Fili ne babba da rumfunan nuni da gidan namun daji. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ɓace tun miliyoyin shekaru, waɗanda aka tono a Gadufawa ta yankin Agadas, har da na wani kada da tsawonsa ya haura mita 10. Akwai kuma kututturen Itaciyar Tenere, ƙwaya ɗayan nan da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada ayari na gane hanya da ita, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. 'Yan makaranta sun fi taruwa wajen zaki da dorina. Mun kuma wuce ta cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ɗan fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972, inda ake yin kiɗa da wasan kwaikwayo a buɗaɗɗen dandali, ba nisa da babban masallacin da Libiya ta gina.

Amma duk a cikin abin da na gani, filin kokawa ne ya fi tsaya mini a rai. Lokacin ana shirin gasar Takobi, kowace jiha na tace 'yan kokawarta. Gasar ta faro ne a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya fara ɗaukar takobin, kuma yanzu jihohi 8 ne ke kawo mutum goma-goma, ana zagayawa da ita daga jiha zuwa jiha. Issaka Issaka na Dosso ne ya fi kowa yawan ɗauka. Mun samu wuri a kan matakala, fili ya cika da tsofaffi da samari da mata. Makaɗa na gefe ɗaya. Ɗan kokawa ya shigo da walki da guraye a damtse, ya ɗaga hannu ya yi kirari, ya ambaci garinsu da waɗanda ya kayar, jama'a su ɗauka da ihu. Tsakanin karo da karo 'yan cali-cali na kwaikwayon masu kokawar suna ba mutane dariya.

Karon da ba zan manta ba na wani siririn yaro ne da wani ƙato. Suka duƙa, kowa ya ɗebi yashi ya murza a tafi, suka daɗe suna taɓa kan juna da yatsu ba wanda ya yarda ya fara shiga. Ƙaton ya gaji ya kai cafka. Yaron ya nutse ƙasa, ya kama masa ƙafa ɗaya ya ɗaga, ya sa kafaɗa ya tura, sai ga ƙato a ƙasa. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Abin da ya ƙara burge ni, yaron da kansa ya miƙa hannu ya tayar da shi, ya kakkaɓe masa yashin baya, suka fita tare. Wani tsoho da ke kusa da ni ya dafa ni ya ce, "Ka gani, Malam? Ƙafa ya jira tun farko."

Da yamma muka gangara bakin kogi kusa da gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, muka ci gasasshen giwan ruwa da dambun zogale, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni na ta ƙetarawa zuwa Harobanda, unguwar da ke ƙetaren kogin. A nan muka ƙarasa maganar da ta kawo ni. Tun da kamfanonin nan suna ɗaukar saƙo ko ba mai shi a mota, muka shirya in riƙa turo yadi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, wani ɗan'uwansa ya kai tasha ya yi rajista da yamma, washegari da dare a kira shi a waya ya zo ya karɓa a Yamai da katin shaidarsa. Kuɗi kuma ya turo wa ɗan'uwan ta kamfanonin aika kuɗi, Nita ko Amana. Na koma tasha na kwana, da asuba na shiga motar Maraɗi, daga can na ƙetara zuwa Katsina.